An Ɗumama Jakunkuna, An Bar Yaya Isiyaku

Shekara goma ke nan da Alhaji Mamuda ya shiga ɗakin yayana ya cire hita daga bango ya kai wa jakunkunan fata. Yayana yana kwance yana tari a lokacin. Jakunkunan sun bushe, sun shiga kwantena, sun isa Kano lafiya ƙalau. Yaya Isiyaku kuwa yana nan kwance a ƙasar Guangzhou, a maƙabartar Musulmi ta bayan gari. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci irin ta'aziyyar nan zan rubuta da ake cewa marigayi ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji uku na bar sakandare, ban iya lulluɓe magana ba. Kwana ya ƙare, na sani, ba na ja da hukuncin Allah. Amma da aka ce kwana ya ƙare, ba a ce kada a tambayi wanda ya ɗauke hitar ba.

Shekara tara na yi ina tuna shi ni kaɗai, in yi masa addu'a in yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, Alhaji Mamuda ya aika gida yana neman Nura, babban ɗan Yaya, ya zo ya kama aikin ubansa a gidan da ubansa ya kwanta ciwon ajali. Nura yana so ƙwarai. Uwarsa ta ce magana tana hannuna, ni ne uban da ya rage masa. To kafin in faɗi abin da na yanke, bari in gaya muku wane irin gida ne, kuma wane irin sanyi.

Duk wanda ya zo baje-kolin Pazhou da ake yi a garin nan ya yi mako biyu ya koma, zai rantse maka Guangzhou garin zafi ne. Gaskiyarsa, abin da ya gani ke nan. In ka ce masa sanyin garin ya kashe mutum, dariya zai yi. Sanyinmu na gida mai kunya ne. Ya matsa maka da asuba, da hantsi ya yi sai ya tattara ya tafi, ka jingina da bango ka sha rana. Na nan ba shi da kunya. Jiƙaƙƙe ne, da ruwa yake zuwa, ya shiga bargo ya shiga katifa ya shiga ƙashi. Gidajen kuma don zafi aka gina su: ƙasa tayil, taga siririn gilashi, ƙarƙashin ƙofa ɓera zai wuce bai sunkuya ba. A can arewacin ƙasar ana tura wa gidaje ɗumi ta bututu. Nan kudu babu wannan, kowa tasa ta fisshe shi. Sau da yawa cikin ɗaki ya fi titi sanyi, sai ka fita waje ka ji sauƙi. A lungunan da talaka ke haya kuwa, benaye sun matsu da juna har maƙwabci zai iya miƙo maka gishiri ta taga, rana ba ta taɓa sauka ƙasa. Ga wuta da tsada, don mai gini shi ke da mitarsa, shi ke yanka farashinsa. Mutum zai kunna hita, ya leƙa mita tana gudu, ya dawo ya kashe, ya ƙara bargo.

Yaya Isiyaku baduku ne, gadon gidanmu ke nan. Ni ban koya ba, shi ya ɗauke hannun Baba gaba ɗaya. Alhaji Mamuda ya kawo shi nan don ya riƙa bin masana'antun jaka na Shiling yana duba kaya kafin a biya. Ya shinshina fata, ya ja ɗinki da yatsa, ya ce wannan a ɗauka, wancan a mayar. Daga baya shi ya jawo ni, na zama mai lodi. Mutum ne marar hayaniya, mai tsokana a hankali. Garbati yake ce mini, in na fara faɗa ya ce, "Garbati, ajiye bakin nan ka huta, ba haya muka ɗauko shi ba." Tun yana yaro yake fama da asma. Kowa a gidan Alhaji ya san haka, don in ta tashi masa har a bene ana jin ƙirjinsa yana fito.

Alhaji maigida ne irin na da: ya sauke fatake, ya ajiye musu kaya, ya kai su kasuwa, ya yi musu tafinta. Hawa uku ya kama haya. Tsarin gidan kuwa shi ne tsarin kusan kowane masauki namu a garin nan. Kaya a sama, inda ya fi bushewa. Alhazai a tsakiya. Yaran gida a ƙasa, inda bango ke zufa. Dalili a bayyane yake, kaya ba sa son danshi. Ba wanda ya taɓa tambaya ko huhun mutum yana so.

Ɗakinmu tagarsa ba ta rufuwa ruf. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya ya yanka kwali ya toshe gefen tagar. Ya tara guntayen fata daga Shiling ya ɗinka wani dogon abu kamar matashi, ya cusa masa soso, ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙofa. Sannan ya matse bakinsa ya sayi hita da guminsa, irin mai man nan a ciki, mai haƙarƙari kamar na saniya. Ranar da ya kawo ta ya ajiye ta tsakar ɗaki ya ce, "Garbati, zo ka gai da amaryata." Alhaji bai so ba. Kullum mita yake yi wai tana shan wuta kamar raƙumi ya samu rijiya. Sai Yaya ya riƙa kunna ta da magariba kawai, ya kashe da gari ya waye. Da waɗannan 'yan dabarun ya ci sanyi biyu ba a kai shi asibiti ba.

Sai shekarar da ƙanƙara ta zubo a Guangzhou, ƙanana kamar gishiri. Tsofaffin garin ma sun ce ba su taɓa gani ba. Mutane suka fito da wayoyi suna ɗaukar hoto suna murna. Lokacin kuma an matso sabuwar shekararsu, masana'antu na shirin rufewa, kowa na tseren fitar da kaya. An tura ni tashar jiragen ruwa ta Nansha lodi, a can sito nake kwana. Ina can wata mota ta taso daga Shiling da jakunkunan wani babban baƙon Alhaji, tamfol ya yage a hanya, ruwa ya jiƙa kwalaye. Wanda ya san fata ya san abin da wannan ke nufi. Ka rufe jiƙaƙƙiyar fata a kwantena ta yi fiye da wata a kan teku, funfuna za ka buɗe a Kano. Hankalin Alhaji ya tashi. Ya bi gida yana tattara duk abin da ke ba da zafi, har ya iso ɗakin ƙasa.

Daga bakin Yaya na ji sauran, a gadon asibiti. Ya ce Alhaji ya shigo ya ce, "Malam Isiyaku, aron abar nan na kwana biyu." Bai jira amsa ba ya cire. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da ya biyo baya. Yaya ya tashi da tarinsa ya bi shi sama. Shi da hannunsa ya jera jakunkunan, ya ja su baya kaɗan don kada zafi ya yi musu yawa fata ta tsage, ya riƙa hawa yana juya su. Na ce masa, "Yaya, me ya hana ka ce a'a?" Ya dube ni kamar na yi maganar yara. A tarbiyyarmu yaron gida ba ya ce wa maigida a'a, ko da ya haifi 'ya'ya biyar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan shi baduku ne, ba zai iya kallon fata tana lalacewa yana kwance ba.

Kwana biyun Alhaji ya zama mako. Yaya ya fita cikin ruwan nan neman wata hitar, ya shiga shago ya fita shago, ko'ina amsa ɗaya, meyo, wato babu, sanyi ya sa an kwashe. Ya dawo a jiƙe ya shiga ɗakin da ya fi titi sanyi. Aka riƙa dafa masa citta da kanumfari. In na kira shi a waya sai ya ce ɗan mura ne, in yi aikina. Da na dawo na same shi a zaune, don kwanciya ta gagare shi, sanye da riguna a kan riguna, ya yafa dardumar salla a kafaɗa, leɓɓansa sun yi duhu. Ban tsaya neman izinin kowa ba, na goya shi zuwa bakin titi.

Likitar mace ce, dattijuwa. Ta ce limoniya ce ta hau kan asma, kuma an makara. Tambayar da ta fara yi ta bakin tafinta ba ta abinci ba ce, ba ta magani ba ce. Cewa ta yi, ɗakin da yake kwana akwai ɗumi? In ce akwai, amma jakunkuna aka ba?

Bai yi mako ba a can. Maganarsa ta ƙarshe da na fahimta sosai, bayan salati, ita ce, "Garbati, sun bushe kuwa?" Na ce sun bushe, har an rufe kwantena. Ya ce, "To madalla." Na fita baranda don kada ya ga fuskata. Ranar da aka rufe kwantenar aka sauko da hitar aka mayar ɗakinsa, aka jona ta, tana ɗumama katifar da babu kowa a kai.

A zaman makoki na faɗi abin da ya faru a gaban kowa. Manya suka taso mini. Haƙuri, Garba. Kada ka yi saɓo, Garba. Alhaji ya ɗauki nauyin jana'iza, aka yi ta sa masa albarka, wai ba kowane maigida zai yi haka ba. Ni aka mayar marar tawakkali. Na kwashe kayana na bar gidan. An ce haƙuri maganin zaman duniya, amma na lura talaka kaɗai ake rubuta wa wannan maganin.

Ina yawan tunanin me Yaya zai ce da zai leƙo garin nan yau. Zai ga ba a taɓa kuɗi da hannu, ko rake za ka saya waya za ka nuna. Zai ga an yi shekarun annoba, lungunanmu sun yi fayau, sannan a hankali mutane sun dawo. Zai ga na'urar sanyaya ɗaki yanzu har ɗumi take hurawa. Tsohuwar da nake haya a gininta ta canza mana tagogi ta sa masu gilashi biyu, na ga ikon Allah: ɗaki yana riƙe ɗumi har safe, mita kuma ta rage gudu. Ashe rabin wutar da talaka ke biya, titi yake ɗumamawa. Wani Bakano da ke zaune a Ingila, yana zuwa sarin kaya, ya gaya mini a can har hukuma na tura mutane gidajen marasa ƙarfi su toshe kafofin iska, su gyara taga, a taimaka musu da kuɗin wuta, don an gano gyaran ɗaki ya fi gadon asibiti sauƙi. Na san abin da Yaya zai ce. Zai yi murmushin nan nasa ya ce, "Wato sai da suka yi dogon karatu suka gano rigakafi ya fi magani? Da sun zo na ɗinka musu."

Amma mu baƙi ne a nan, babu hukumar da za ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta tambayi lafiyar tagarmu. Mu ne hukumar junanmu, kuma a nan muka gaza. In ɗanmu ya mutu, kafin la'asar an haɗa abin da za a haɗa, kowa na rige-rigen lada. Muna da hannun gawa, ba mu da hannun bargo. Ban taɓa jin an tashi bayan sallar Juma'a an ce sanyi ya matso, a zagaya ɗakunan ƙasa a ga wa ke kwana a kan tayil ba. Masu saukar baƙi suna da injin tsotse danshi a ɗakin kaya, yana aiki dare da rana ba a kashewa, ba a taɓa cewa yana shan wuta ba. An ce baƙonka annabinka. A garin nan kayan baƙo ne annabin.

Me ya rage na Yaya Isiyaku? Bai bar gida ba, bai bar shago ba. Jakunkunan da ya busar sun tsufa a hammatar matan da ba su san sunansa ba. Kabarinsa ma ni kaɗai ke zuwa. Abin da ya bari shi ne wannan matashin ƙofa. Ni da na ƙi koyon dukanci a gaban Baba, bayan rasuwar Yaya na zauna da guntayen fata na koya wa kaina ɗinka shi, a karkace, amma yana tare iska. Duk shekara in sanyi ya kawo kai, ina bin ɗakunan sababbin zuwa da shi, da leda mai kauri, da soson nan mai gam na liƙe taga. In gaya musu kada su yarda da zancen garin zafi. Wasu su yi godiya, wasu su yi dariya. Garba Sanyi suke ce mini a bayan ido. Su ce. Sai kuma Nura, wanda ya ɗauko hannun ubansa da shirunsa da rashin iya cewa a'a. Wannan na ƙarshen shi ya hana ni barci tun da saƙon Alhaji ya iso.

Juma'ar da ta wuce Alhaji ya aiko a kira ni. Rabona da gidan tun ranar da na fita. Ana yayyafi, irin mai shiga ƙashi. Kafin in hau bene sai na ga ƙofar ɗakinmu a buɗe kaɗan. Matashin Yaya yana nan a ƙasa, fatar ta tsattsage, soso ya leƙo. Kwalin taga an canza, tagar ba a canza ba. Wani bawan Allah yana kwance a inda Yaya ke kwanciya, ya naɗe kai da rawani, yana tari mai zurfi. Na yi sallama na ce sannu. Ya ce sunansa Isufu, daga Maraɗi, watansa guda da zuwa.

"An ce mini garin zahi na," in ji shi. "Ko rigar sanyi ban ɗauko ba."

Na ce ina hita? Ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Daga can saman bene ana jin inji yana gurnani a ɗakin kaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bari in faɗa tun yanzu don kada mai karatu ya kwana da shi a rai: Malam Isufu a ɗakina yake kwana tun ranar, ya ga likita, tarin ya fara sauka.

Falon Alhaji da ɗumi kamar cikin tanda. Ya tsufa, ƙafa ta kumbura, sanda a gefensa. Ya tare ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi. Ya ce ya daɗe yana tunanin Malam Isiyaku, mutumin kirki, bai sake samun mai ido irin nasa ba. Ya ce shi zai yi wa Nura takardu, shi zai biya jirgi, ya riƙe shi kamar ɗansa.

"Ka san halin da gida ke ciki, Garba," ya ce. "Yaron nan zai samu abin riƙe uwarsa da ƙannensa. Abin da ya wuce ya wuce. Kai ma ka girma yanzu."

Ban musa masa halin gida ba. Na san abin da nake shirin hana Nura, na san zai daɗe bai gaishe ni da daɗin rai ba. Na tambaye shi, in ya zo a ina zai kwana? Alhaji ya ce ai ɗakin ubansa yana nan.

Na ajiye kofin shayin ban kurɓa ba. Ban ɗaga murya ba, Yaya ba zai so ba. Na ce:

"Alhaji, ba zan ba ka Nura ba. Gidanmu ya riga ya ba ka mutum ɗaya, ka nuna mana inda kake ajiye mutane da inda kake ajiye kaya. Shekara goma ba ka gyara taga ɗaya ba, ga wani can a ƙasa yana tarin da na sani. Kullum cewa kuke kwana ne ya ƙare. Na yarda. To ranar da tamfol ya yage, me ya sa ba ka ce kwanan jakunkuna ne ya ƙare ba? Jaka in ta yi funfuna, tsumma ake sawa a goge ta a kai kasuwa. Ka nuna mini tsumman da zan goge yayana ya tashi, gobe in kawo maka ɗansa."